Ƴar Robar da Ke Hannun Maigidana

Ni mace ce mai saurin yanke shawara, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan hali a matsayin baiwa. A unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset, can ƙasar Larabawa, inda nake sayar da tuwo da shinkafa ga masu aikin gini, kowa ya san ba a yi mini dogon bayani. Maigidana kuwa magini ne, mutumin ƙasar Maradi kamar ni, amma sanyin halinsa har haushi yake ba ni. Ko gobara aka ce masa ta tashi, sai ya nemi takalmansa tukuna. Shekara goma sha ɗaya muka yi a Tamanrasset, ni ina gaba da baki, shi yana biye da ni yana murmushi.

Wata bazara ciwon ciki ya kama shi, amai da gudawa, har ya kasa tashi. Na tare taksi muka tafi asibiti. Suka ba shi gado, suka soka masa ƴar roba a jijiyar hannun hagu, irin wadda ake haɗa ƙarin ruwa a jikinta, suka danne ta da filasta. Kwana uku ya farfaɗo, har ya fara ƙorafin cewa miyar asibiti ba ta san daddawa ba.

A rana ta huɗu labari ya cika unguwa cewa jandarma na kwasar baƙi a manyan motoci zuwa iyaka. Takardunmu sun daɗe da mutuwa. Wata da ke cin tuwona ta rantse mini cewa har asibiti suke shiga, gado gado. Ban tambaye ta wa ta gani aka ɗauka ba. Na rufe tukunya, na ɗauki babbar rigarsa, na isa asibiti daidai lokacin da ake barin masu dubiya su shiga.

Na ce, "Malam, tashi ka sa riga, mu tafi gida."

Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Ya ce, "To ki bari su cire mini wanga abu. Minti biyu ne fa."

Na ce, "Minti biyun nan shi zai sa a zubar da mu Assamaka, bakin iyaka. Tashi."

Ya tashi. Hannun riga ya rufe robar, muka bi ayarin masu dubiya muka fita ta babbar ƙofa, babu wanda ya ko kalle mu.

A gida ban cire ta ba, kuma a nan ba tsoro ne ya hana ni ba, wayo ne. Mu dai mutanenmu mun yi imani da ƙarin ruwa fiye da kowane magani. Mara lafiya in ba a rataya masa leda ba, gani muke ba a yi masa komai ba. Ga hanya an riga an buɗe a jijiya, don me zan toshe ta? Akwai wani maƙwabcinmu mai shago da ya taɓa aiki a kantin magani a Damagaram, shi ya zo ya haɗa masa leda biyu, muka rataya a ƙusar da nake rataye faifai. Da filasta ta fara ɗagowa na yagi gefen tsohon zanena na ɗaure wurin. In zai yi alwala sai ya shafa a kan tsumman. Ni kuma in na taso daga murhu na kan gyara masa ɗaurin da hannun da na gama tuƙa tuwo, ina jin kaina wata babbar likita.

A kwana na biyar da dawowarmu gida wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi. Na gasa masa da ruwan ɗumi na shafa man zafi. Washegari ya kama rawar sanyi a tsakiyar zafin rana, haƙora na kaɗawa, na lulluɓa masa bargo uku bai daina ba. Na ce zazzaɓin sauro ne, na ba shi ƙwayoyi. Da safe ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna gida.

Kafin in kira taksi na zare robar da hannuna, na jefa ta cikin murhu. Na wanke wurin, na sake ɗaurewa. Tunanina ɗaya ne: kada su gane cewa mu ne muka gudu.

Likitar da muka samu a ɗakin gaggawa ba ta cikin waɗanda suka duba shi a farko. Mace ce daga arewacin ƙasar, ƴar siririya, ba ta jin Hausa, ni kuma Larabcina na ciniki ne. Aka kira wata ma'aikaciya, Buzuwa ƴar Agadas, ta tsaya tsakaninmu tana fassara. Bayan an ɗebi jininsa, Buzuwar ta ce da ni:

"Ta ce ƙwayar cuta ta shiga jinin mijinki. Ta ce iri biyu ne. Akwai wadda mutum ke ɗaukowa a gari, daga rauni ko ciwon ƙirji ko na fitsari. Akwai kuma wadda ake ɗauka a asibiti, ta allura ko robar jijiya. Ta asibiti ta saba da magunguna, ba kowane ke kashe ta ba. Sakamakon jini sai bayan kwana biyu ko uku, shi kuwa ba zai iya jira ba, dole ta fara ba shi magani yanzu. Shi ya sa take tambaya: an kwantar da shi asibiti kwanan nan? An sa masa roba a jijiya?"

Na fahimci kowace kalma. Ba zan ce harshe ne ya ruɗe ni ba, matar ta yi mini Hausa tsaf kamar a tsakar gidanmu. Amma a bakin ƙofa akwai wani mutum mai kaki a tsaye, wanda daga baya na gane mai gadi ne kawai.

Na ce, "A'a. Bai taɓa kwana asibiti ba."

Likita ta kwance tsumman, ta dubi kumburin, ta yi magana.

"Ta ce wannan fa?"

Na ce, "Ƙarfe ne ya soke shi wajen aiki."

Buzuwar ta tsaya tana kallona kafin ta fassara. Ta rage murya ta ce, "Yaya, nan ba a kama kowa. Ki faɗi gaskiya." Na ce mata ni ba ƙaramar yarinya ba ce da za a koya wa magana. Haka na faɗa, da tsawa ma, don ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Maigidana na kwance idonsa a buɗe, amma ba ya tare da mu. Da yana cikin hayyacinsa da ya faɗa musu, don bai iya ƙarya ba ko ta wasa.

Suka ba shi maganin cutar gari. Kwana biyu ina zaune gefen gadonsa ina kallon ruwan na ɗiga, ina ce wa kaina magani magani ne, duk ɗaya. Sau uku likitar ta wuce ta gabana. Sau ɗaya har na miƙe tsaye, sai na yi kamar zanena nake gyarawa.

A rana ta uku ta zo da takarda a hannu, Buzuwar na biye da ita. Ta ce ƙwayar da suka gani a jininsa irin wadda suka sani ce a ɗakunan asibiti, maganin da ake ba shi bai taɓa ta ba. Ta sake yin tambayar nan. Na faɗi komai, har da ledoji biyu da tsumman zane da murhu. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta juya da sauri ta ba da umarni a canza magani. Na tambaya ko a wurinsu ƙwayar ta shiga ko a ɗakina, ta ce ba wanda zai iya rabewa, tun da robar ta kwana nan ta kwana can. Na tambaya da na faɗa tun farko da ya tashi? Ta ce wannan sanin Allah ne, amma da tun ranar farko ta ba shi wancan maganin.

Ya rasu washegari bayan la'asar. Ƙodarsa ta riga ta tsaya.

Da na kira mahaifiyarsa a gida na ce mata ciwon asibiti ya ɗauka. Ba ƙarya ba ce, haka ma aka rubuta a takarda. Tsohuwa ta yi ta sa mini albarka, tana cewa, "Ɗiyata, kin yi iyakar ƙoƙarinki a ƙasar mutane." Na ce amin. Har ta koma ga Allah ban gyara mata labarin ba, kuma a unguwa ma na bar mutane suna tsine wa asibiti a gabana, ina zuba musu miya.

Tun daga ranar da muka fara shiga asibitin har ranar da aka ba mu gawarsa, babu wanda ya kira jandarma, babu wanda ya ɗaga mana murya a kan takarda. Ina nan a Sersouf, ina tuƙa tuwo a murhun da na ƙona robar. A shekara goma sha ɗaya ban tuna ya taɓa musa mini a kan komai ba sai ranar nan da ya dubi hannunsa ya roƙe ni minti biyu, ni kuma na ce masa ya tashi.