Kabari a Hanyar Bututu

Katangar da ta raba ɗakin Kabasomi da na maƙwabciyarta ta kara ce da yaɓen laka, ko tari aka yi sai an ji. Da hantsin nan tana tankaɗen garin rogo ta ji muryar Kyamanywa, ɗan maƙwabciyar, ta tashi.

"Mama, kabari goma sha ɗaya aka kwashe a garin nan, saura na Baba kaɗai! Gobe masu haƙa za su dawo. Ni nake tuƙa su, kin san irin kallon da suke mini?"

"Su kalla mana, ai ba muni gare ka ba," in ji tsohuwar. "Ka ce wa masu bututun man su lanƙwasa shi. Maciji ma yana kauce wa turmi."

"Bututun da za a ja har teku, Adyeeri? Saboda ke?"

"Af, yau kuma da Adyeeri ake lallashina? An ƙi."

Adyeeri sunanta ne na girmamawa, ainihin sunan Nyamaizi. Shekara arba'in ta yi tana shanya ƙananan kifi a yashin bakin Tafkin Albert, tana korar tsuntsaye da tsumma a kan sanda, da shi ta ci da ɗanta ta sa shi makaranta. Tun kafin motocin nan masu dukan ƙasa su zo neman mai a yankin Bunyoro, ta san man: baƙin abu mai kauri da ke tsattsafowa a gindin dutse, mijinta Rwakaikara yana kwasowa a ƙoƙo ya liƙe tsagar kwalekwalensa. Takan ce, "Mu muka fara haƙo shi, da cokali."

Kabasomi ta ajiye rariya. Tana cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarin nan ranar binnewa. Guguwa ce ta kifar da kwalekwalen Rwakaikara, aka yi kwana tara ana nema, tafki bai dawo da shi ba. Sai aka yi abin da aka gada: aka sare kututturen ayaba, aka naɗe shi a ƙyallen ɓawon itace, aka binne da sunansa. Kyamanywa na ɗan shekara uku a lokacin. Ya tashi yana share kabarin, ranar da ya sami lasisin tuƙi ma can ya fara kaiwa. In aka tona gobe, ko ƙashi ɗaya ba za a gani ba.

Kabasomi ta tare Kyamanywa a jikin motar kamfanin man, ta kira shi da nasa sunan girmamawar.

"Amooti, tsaya. Uwarka ba taurin kai take yi ba. Akwai abin da take rufa maka."

"Ayabar?" Ya yi 'yar dariya ba daɗi. "Haba, Inna. Ina aji uku yara suka fara kirana ɗan ayaba. Na yi shiru ne kada ta san na sani."

"To sharar fa, duk shekarun nan?"

"Ina zan share? Tafki?"

Ya ja mota ya tafi. Kabasomi ta zagaya ta shiga ɗakin maƙwabciyarta ba sallama. Ta tarar da Nyamaizi a kan kujerarta ta kullum, dab da ƙofa, fuskarta ga ruwa.

"Yaron ya sani. Tuntuni."

"Na san ya sani. Wa kike tsammani ya murɗe kunnen ɗan da ya fara kiransa haka?"

Sai abubuwa suka riƙa dawo wa Kabasomi: manema biyu da Nyamaizi ta kora da dariya, da yadda take dakatar da shanya duk sa'ad da baƙon jirgi ya taso daga tsallaken Kwango, ta sa hannu a goshi har sai ya sauke mutanensa. Sabuwar maƙabarta da gidajen da kamfanin zai mayar da mutanen garin kuwa, a can kan tudu aka gina su, inda ba a hango ruwa.

"Kututture na bari aka binne, don dangi su ƙyale ni," in ji Nyamaizi a hankali. "Ban binne mutum ba. In na bi ƙasar kabarin nan zuwa tudu, da limamin coci, da waƙa, to na binne shi ke nan."

Kabasomi ta jawo kwandon kifi, suka zauna suna tsince yashi har rana ta karkata.

Washegari motar ta tsaya, masu haƙa suka sauko da shebur, suna kallon ƙasa. Nyamaizi ta fito cikin doguwar rigarta ta coci, ta ɗaure ɗamara. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana duban tafkin, sannan ta juya ga ɗanta.

"Ku tona. Amma kai da kake aiki da su, ka gaya wa mai gadin shingensu: in wani dogo mai wushirya ya zo yana tambayar Nyamaizi, a nuna masa hanyar tudu. Kada a tsaya tambayarsa takarda, bai taɓa riƙe ta ba."