Malam Yoila da Tafkin da ke Sama

"Ni za ku mayar mahaukaci? Tafki a sama? Shanu suna iyo bisa rufin kwano?"

"Alhaji, zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba, Malam. 'Yata na zo cirewa daga ajinka."

Alhaji Ajimi ke nan, dillali a Kasuwan Shanu, yana kaɗa wani kwali a fuskar Malam Yoila, malaminmu na zane a wata sakandare da ke unguwar Galtimari, a birnin Yerwa. Shekara biyu da suka wuce ne, muna aji biyar. Na fara da wannan rigima don ita ce Malam gaba ɗayansa. Ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ba a turo wanda zai gaje shi ba, kuma in ba a turo ba, darasin zane ya mutu a makarantar.

Kullum kafin a buga ƙararrawa yana nan. Ya jingine kekensa a gindin darbejiya, ya wanke burusai a tsohon gwangwanin madara, ya yanka kwalayen da yake roƙowa a shagunan Yerwa. Ba ya yawan magana. Zangon farko taga kawai yake sa ka kalla. Katanga, bishiya, sama. In ka zana bishiya kamar lema, sai ya ce, "Wannan ta cikin kanka ce. Ta waje nake so." Sai ka koma.

Zango na biyu ne yake buɗe abin da ya kira zanen mafarki. Ka ɗauki abu na gaskiya ka ajiye shi inda bai taɓa zama ba: kifi a reshe, ƙofa a tsakiyar fili. Amma da sharaɗi. Kafin ka taɓa fenti, sai ka je gida ka zauna gaban wani babba, ya ba ka labarin ƙasar da ya baro. Yawancinmu 'ya'yan waɗanda tashin hankali ya koro ne. Mun san sunan garuruwanmu, ba mu san launinsu ba.

Zainaba, 'yar Alhaji Ajimi, tana shekara huɗu suka baro tsibiran Tafkin Chadi. Ba ta tuna komai. Ta tambayi ubanta, ya faɗa mata 'yan kalmomi ya tashi. Da su ta yi zanen. Unguwarsu Mafoni a ƙasa, da kekunanta da wayoyin lantarki, tafkin kuma a sama, shanu suna ratsa shi.

"Na rasa shanu ɗari da ashirin a ruwan nan," in ji Alhaji. "Shi ne za ku rataye min shi a sama kamar wanki?"

Malam bai kare kansa ba. Ya ce, "Zainaba, faɗa wa Baba dalili."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, kai ka ce ruwan ba shi da iyaka. Ni kuma abin da na sani marar iyaka, sama ce kawai."

Alhaji ya sake duba kwalin. Ya daɗe. Muka ɗauka yaga shi zai yi. Sai ya tsuke fuska ya dangwala yatsa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ƙaho ne, Baba."

"Ƙahon wa? Wannan tsinken? Shanun Kuri nake kiwo, yarinya! Ƙahonsu kamar tulu yake, hannu biyu ba sa zagaye gindinsa." Ya juyo kan Malam. "Kai ma kana tsaye ta yi wannan? Haka kake koyar da su?"

"Ni mutumin dutse ne, Alhaji, daga kudancin Borno. Ban taɓa ganin saniya tana iyo ba. Ka gyara mana."

Malam ya jawo masa kujera. A wannan karon Alhaji ya zauna. Bai taɓa burushi ba, da baki ya yi aikin: ƙara kauri nan, ɗaga hancin sama, fara ce ba ja ba, kuma ba ta iyo ita kaɗai. Har aka tashi yana faɗa. Ranar Alhamis ya dawo, wai ya zo ya ga ko an ɓata masa shanu. Ta gaba ya zo da abokinsa masunci, don a cewarsa kwalekwalen da Habib, wani ɗan ajinmu, ya zana ko kaza ba zai ɗauka ba. Zainaba ba ta bar ajin ba. Ta ce a shekara goma sha biyu ba ta taɓa jin ubanta ya kira sunan saniya ɗaya ba sai a wannan ɗakin. A can ya kira su duka.

Malam, kai ne ka san cewa ba fenti ne aikin ba. Kai ne ka tura mu gaban iyayen da suka yi shiru, da kwali a hannu, don mu sami hujjar tambaya. Kai Kirista ne, amma da ɗan ajinmu Mukhtari ya ce shi ba zai zana mai rai ba, ba ka yi masa dariya ba. Ka ce, "To zana sawunta." Ya cika kwali da sawun raƙuma a kan rairayi, suna hawa katanga suna wucewa. Shi ne zanen da ya fi tsaya min a rai. Mai haƙurin gyaran layi, na gode. Ni ban zama mai zane ba, taya nake faci a bakin titi. Amma na san launin ƙasar kakata, ja ce mai duhu, kuma a dalilinka na sani.

Ku da kuka iya riƙe burushi kuma kuke da takardar koyarwa, ga ɗaki nan. Ba shi da fanka. Yana da taga.

Makon jiya aka yi masa walimar ban kwana a harabar makaranta. Aka yi jawabai, aka ba shi shadda da agogon bango. Ya ce ya gode, ya zauna. Shugaban makaranta yana shirin rufe taro Alhaji Ajimi ya miƙe daga baya, ba wanda ya kira shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, tambaya ɗaya gare ni. Mu muna tsufa. In wannan bawan Allah ya tafi, wa zai riƙa turo mana yaran su tambaye mu?"