Zanen Gadon da Muka Saƙa da Yaya

Ni da Yaya mun koyi saƙar ƙulli tun muna 'yan mata, a wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Jibiya wadda ta taɓa yi wa matar wani bature aiki. Kayan aikin ba su da yawa: farin zare da 'yar ƙoshiya irin ta masaƙa, sai dai ita tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Za ki rataya zaren a yatsun hagu, ki riƙa ratsawa da ƙoshiyar kina ƙulli bisa ƙulli, ki ja su zama zobe, zobba su haɗu su ba da fure mai faɗin tafin hannu. Ba a warware ta. In kin yi kuskure sai almakashi.

Aure ya kai Yaya wani ƙauye a tsallaken iyaka, cikin Nijar, ni kuwa na zauna a Magama. Da 'yarta ta fari ta fara tasawa, muka yi shawarar saƙa mata zanen rufe gado, babba, wanda zai sauka har ƙasa ta kowane gefe. Kowacce ta yi furanninta a ɗakinta. Ranar kasuwar Jibiya mijin Yaya kan kawo awaki, ya biyo mini da nata a ƙulle cikin tsumma, ni kuma in haɗa su da nawa.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa ke nan. Manyan motoci ba sa yankewa a hanyar Maraɗi, leshin inji kuwa bandir-bandir, har mai tallan fura ta ɗinka. Matan unguwa suka sa ni gaba da tsiya, wai ina kashe idona a kan abin da ake yanka wa mutum a kanti kafin ya gama gaisuwa. Ni ba mai haƙuri ba ce. Na ce musu ranar da leshinsu ya san wanda ya yi shi, su zo mu yi magana.

Aikin yana ta ci gaba, ba sauri ba tsayawa. Da farko faifai yake rufewa, ya zo ya rufe taburma, har ya kai sai na fita tsakar gida kafin in baza shi. Ko ido rufe ina bambance nata da nawa. Ƙullin Yaya a matse yake kamar halinta, furenta a tsaye kamar an sa masa sitaci. Nawa da ɗan sanyi. Kullum saƙonta ɗaya ne: a ce wa auta, wato ni, ta daina saƙa tana hira.

Wata ranar kasuwa cikin bazara na kwance tsumman, na duba. Furannin sun yi laushi, zobban ba su rufe ba, wani ma ya karkace. Yaya da ke yanke aikin yini guda saboda ƙulli ɗaya ba za ta aiko da wannan ba, sai in hannun ne ya ƙi.

Na tare mijinta a zaure. "Malam, mi ya samu Yaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Lahiya lau take. Ɗan tari ne."

"Tari ba ya sakin zare. Ka hwaɗa mini gaskiya."

Sai ya ce tun sanyi take kwance, an kai ta asibiti an dawo da ita, kuma ita ta hana a gaya mini.

Washegari na naɗe zanen na bi motar ƙauyensu. A bakin iyaka wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya buɗe ƙunshina, ya ga ƙoshiya na reto a jikin aikin, ya naɗe mini shi da kansa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na tarar da ita a kan taburma, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ba ta yi mini faɗan zuwa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na baza mata zanen a cinya. Ta bi shi da tafi tana murmushi, sai ta ga sababbin furannin nata da ban riga na haɗa ba.

"Waɗanga ki zubda su, auta," in ji ta. "Za su ɓata ma yarinya kaya. Ki yi wasu a madadinsu, ki matse hannu."

Na ce to. Ƙanwa ba ta da wata amsa.

Na zauna a wajenta. Ina saƙa, ita tana naɗa mini zare a ƙoshiya, in ta gaji ta kwanta tana kallon yatsuna tana gyara mini da baki. Burinta ta ga an rufe gefen ƙarshe. Na yi ta aiki har yatsana ya tsage, amma saƙar nan ba ta san gaggawa ba. Yaya ta rasu kafin gero ya fid da kai, da sauran kusurwa guda a buɗe.

Na daɗe ban iya taɓa ƙoshiyar ba, don zaren da ke cikinta ita ta naɗa. Da na koma kan aikin, na cika kusurwar da nawa, na matse hannu yadda ta ce. Furanninta na ƙarshe kuwa ban zubar ba. Na jera su a gefen kai, inda matashi ke zama. Ta ce za su ɓata kaya, ni ban ga haka ba, kuma har yau ban gani ba.

Ranar jeren 'yar Yaya, da mata suka gama kallon kwanuka suka fita, amarya ta zauna a bakin gado tana shafa zanen. Hannunta ya kai gefen kai, ya tsaya. Ta girma tana ganin aikin uwarta, ba ta bukatar a gaya mata.

"Inna," ta ce, "waɗanga na kwanciyarta ne ko?"

Na ce su ne. Ta ɗauke matashin ta ajiye shi gefe, ta kwantar da kuncinta a kansu.