Kunyar Ɗan Fari

Abin da ke hannuna ranar bai da yawa: ɗa guda ɗan wata bakwai da ya faɗo daga kan gado, sai mutuncin da na daɗe ina tarawa a gaban mahaifiyata da mutanen Ƙofar Marusa. Dole ɗaya ya taɓu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Ina dillancin wake da gero, na tafi auno kasuwar ƙauye. Da na dawo na tarar an kwana biyu da faɗuwar, ba wanda ya aiko mani. Yaron na ɗakin Inna, an shafe mashi kai da man shanu. Ba ya kama nono, yana amai, sai barci. Gefen kan ya kumbura, ya yi laushi.

Uwarsa na tsakar gida tana tankaɗe, idanu jajur. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, balle ta nuna damuwa gaban surukuwa. Ni ma so aka yi in leƙa in kau da kai.

Na ce, "Inna, asibiti za a kai shi."

Ta ce, "Jariri in ya faɗo mala'iku ke tare shi. Kai sau nawa ka faɗo? Ga ka nan da ƙaton kanka."

"Inna, amai yake."

"Marar ta ido! Ɗan fari kake wa rawar jiki a gabana?"

Ni ko buhun wake ya jiƙe ba na bari ya kwana a ɗaure. Na sunkuci yaron na saɓa a kafaɗa, na fito da rana tsaka. Wani a majalisar ƙofar gida ya ce, "Alhaji, ashe kai ne mai jegon?" Aka kwashe da dariya. Na tsai da ɗan acaba.

Likita ya ce ƙashin kai ya tsage, jini ya taru. Ya tambaye ni me ya hana a kawo shi tun ran da amai ya fara. Me zan ce? Kunya?

Har yau abin na ci mani rai. Gida cike da manya, kowa na son yaron nan, kowa ya ga kumburin, amma ladabi aka zaɓa.

Inna ta yi damina guda ba ta amsa gaisuwata ba. Sunan mai jego ya bi ni har kasuwa. Waɗannan duk na yafe. Yaron ya rayu, ya girma, yana da nashi iyalin. Amma in za ka yi mashi magana, sai ka zagayo ta dama. Kunnen hagu ya tafi.