Ƙarfen da Yayana Ya Kasa Ɗaurawa

Kwana uku kenan da aka kai wa ƙauyenmu hari, wayar Baba ba ta shiga. Duk wanda muka kira a gida sai ya ce shi ma nema yake yi. Ina wurin aiki a gidan kula da tsofaffi a nan ƙasar waje, ranar Asabar da hantsi, matar yayana ta kira ni.

"Anti, ki zo. Tun safe yana garejin gida da bindigar nan. Na yi magana ya ƙi ko ɗago kai."

Na roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe min aikina, na kama hanyar McLeansville, inda yayana yake zaune.

Yayana makanike ne a wani wurin sayar da motoci a Gate City Boulevard. Bindigar ya saye ta ne shekara biyu da suka wuce, bisa doka, don wani abokin aikinsa yana kai shi filin koyon harbi. Sun yi mata gyare-gyare, amma tun daga nan harsashi yake maƙalewa. Wai sai an ɗaura wani ɗan ƙarfe a ciki da zai riƙa nuna wa harsashin hanya. Ƙarfen ya yi wata shida a cikin akwatin kaya bai taɓa shi ba, sai ranar.

Na same shi a sunkuye kan tebur, bindigar a warwatse, rigarsa sharkaf da gumi. Ƙarfen bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba.

"Yaya, sannu da aiki."

Ya ci gaba da auna ƙarfen.

"Yaya, wa za ka harba daga nan? Akwai teku tsakaninmu da su."

"Na sani."

"To ajiye, mu shiga ciki."

"In na ajiye me zan yi?" Sai lokacin ya dube ni, idanunsa jawur. "Na kira mutum sama da goma. Na kira fasto, na kira direban da ke kai su Baba kasuwa. Takarduna ba su fito ba, in na fita ƙasar nan ba zan dawo ba. Ki faɗa min abin da zan yi, in yi."

Na jawo bokitin fenti na kifa shi na zauna.

Mutumin da ke sauke injin mota ya mayar kafin la'asar, ranar ya kasa huda rami ɗaya da zai ɗaura ƙarfen. Ya auna, ya goge, ya sake aunawa. Wayarsa tana gefe, duk bayan minti biyu sai ya leƙa ta. Da ya danna injin hudawar da ƙarfi, bakin ya karye, ya zame ya tsaga masa tafin hannu.

Bai ce wayyo ba. Ya tsaya yana kallon jinin yana ɗiga kan siminti, sannan ya sulale ƙasa ya jingina da tayar mota, ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba, ko ranar da muka binne Mama.

"Ni ne babba," yake ta cewa. "Baba ya ce in gina masa ɗaki a gari, na ce sai baɗi."

Na ɗauko akwatin magani a motata na wanke ciwon na naɗe. Matarsa ta tattara sassan bindigar cikin jaka ta kulle a kabad, ta miƙo min makullin. Yana gani, bai hana ba. Muka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki biyar.

Sai ranar Talata wani ɗan kawunmu ya kira. An ga Baba a wata makarantar firamare da mutane suka fake, ƙafarsa ta kumbura don ya kwana biyu a daji. Gwaggo, ƙanwarsa, ba ta tsira ba. Aka ba Baba wayar. Muryarsa ta dishe har da ƙyar muke ji.

"Kuna lafiya?" ya tambaye mu.

Yayana ya turo min wayar. Ni na amsa, na ce lafiya lau, Baba.