Agogon da Ya So Mu Sha Ruwa da Rana

Duk Zazzau, daga Kusfa har Ƙofar Gayan, in dai gwajin kod ne, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a ajiye mini kujerar gaba. Da bakin nan nawa na faɗa a shagonmu ana saura kwana uku azumi, kuma har gobe ranar ba za ta fita raina ba.

Agogon masallaci muke haɗawa, mai ƙara idan lokacin salla ya yi. A cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gyaɗa, ita muke ɗura wa laburare, wato tarin umarnin da ke lissafa lokutan. Shugabarmu, Injiniya Bilkisu, ta sa ni kafa gwaji mai gudanar da kansa: duk sanda aka taɓa kod, kwamfuta ta yi wa kowane yanki tambaya, ta gwada da amsar gaskiya. In ya dace, kore. In ya kuskure, ja.

Ta ce, "Malam Tanimu, amsoshin gaskiyar ina za ka samo su?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, bar wa gwani."

Jadawalin lokuta yana gidan Liman, rana kuwa har kwalta na neman inuwa. Sai na yi dabara: na tambayi laburaren, abin da ya faɗa na rubuta a matsayin amsa. Gwaji ya fito kore shar kamar gonar alayyafo. Ashe wajen shigar da matsayin Zariya a taswira na juya lambobi, ta arewa a gurbin ta gabas. A lissafin agogo, mun yi hijira Taraba.

Ran ɗaya ga azumi muka kafa shi a masallacin unguwarmu. Ina sahun gaba ina baza babbar riga. Rana jawur a kan katanga, sai agogo ya ɗau kuka: Magariba! Alhaji Sule mai yadi har ya kai dabino baki, ladan ya daka tsalle ya riƙe masa hannu.

"Alhaji, dubi rana!"

Saura kusan kwata. Ba don ladan ba, da azumin unguwa guda ya hau wuyana.

Tun ranar, gwajin da ban taɓa ganin ya yi ja ba, ba na yarda da korensa. Washegari na je karɓo jadawalin, na zayyana wa Liman komai. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce:

"Wato laburaren nan naku shi ya kawo hadda, shi ya riƙe littafin, shi ya ce daidai ne. Kai kuma, Malam Tanimu, aikinka masha Allah."