Izinin Kawu

Shekarar da aka turo ni koyarwa a lakol ɗin Gazawa, wato makarantar boko, na koyi rubuta manhaja, kaina ya kumbura. Na ɗauko ɗan littafin hisabin da kawuna ya taɓa bugawa, mai nuna tsayuwar wata da taurarin damina, na zuba lissafinsa cikin salula, kyauta ga kowa. Abokan aikina na intanet suka taka mini birki. Wai lissafin da aka buga a littafi yana da mai shi, sai da izininsa, in ba haka ba a cire.

Haushi ya kama ni. Mutumin da ya yi mini huɗuba zan nemi izininsa? Na dai hau kabu-kabu sai Gidan Sori, garin Kawu.

Na tarar da shi a zaure, manoma biyu suna tambayarsa ranar shuka. Da suka tafi na yi masa bayani.

Ya kira ni yadda ake kiran malaman lakol, ya ce, "Mushe, wata ba nawa ba ne, ɗauki. Lissafin ne ban ba ka ba."

Na ce, "Haba Kawu, kai fa ka buga shi, har a kasuwa ake sayarwa."

"Na buga ne don na san ba mai karantawa."

Na yi magiya, na yi fushi, na ambaci mahaifiyata. Sai can ya kalli tabarmar da manoman suka tashi a kai, ya ce in kowa na da amsa a aljihu, wa zai ƙara zama nan? Wallahi tun rasuwar matarsa, masu tambayar nan su ne hirarsa.

Ya yarda dai, amma da sharaɗi: kowa ya kwafa, kowa ya gyara, in ruwa ya ƙi zuwa kada a zo ƙofarsa. Abokaina suka ce ai irin lasisin da suke so ke nan.

Da damina ta kama na koma, ina tsoron in tarar da zauren wayam. Amalanke har bakin masallaci. Zaure ya cika, kowa riƙe da salula, Kawu yana ta ƙaryata manhajar, alhali lissafinsa ne ba ƙari ba ragi.

Na duƙa na raɗa masa, "Kawu, ai kanka kake ƙaryatawa."

Bai ko kalle ni ba ya ce, "Na sani. Matsa, ka tsare wa baƙina hanya."